Takardar da Aka Karanta wa Baba Tagwai

Ƙauyenmu, kusa da Nok
14 ga Mayu, 1956

Zuwa ga ƙanena Dogara,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. Ruwa ya sauka sosai, an gama shuka citta an rufe ta da ganye. Mijina Meshak ya warke daga ciwon bayan nan, ƙorafin ne dai bai warke ba. Baba Tagwai yana gaishe ka. Ƙafarsa ta dama tana damunsa da safe, amma da rana ta ɗaga sai ya manta da ita ya nufi gona.

Bayan gaisuwa, mai bishara ya kawo takardar sakamakonka ta zangon da ya wuce, kuma ni na karanta wa Baba. Na so in tsallake layin lissafi, amma ka san shi, bakin mai karatu yake zuba wa ido. Malaminku ya rubuta wai kana da kai, sai dai kan yana wani wuri. Baba ya tambaye ni wane wuri ne, na ce ban sani ba. Na kuwa sani sarai, tunda na gan ka a hutun Kirsimeti kana tsaron acca da littafi a hannu, tsuntsaye na biki.

Ya ce in gaya maka ba ragi. Shi ya riƙe ka tun rasuwar mahaifinka, ya sake ka ga makaranta alhali gona na neman hannu. Bana ce shekararka ta ƙarshe. In ka fito da takardar malanta, madalla. In ka faɗi ko aka koro ka, fartanyarka na rataye inda ka bar ta, kuma ba za a sake zancen makaranta a gidan nan ba.

Yanzu da na gama faɗa, ga roƙo, kada ka yi dariya. Matan da nake koya wa karatu a ajin yaƙi da jahilci sun cinye ɗan littafin da aka ba mu, har sun haddace shi, suna karantawa ido a rufe. Ba ni da wani abin da zan sa a gabansu. Tunda hannunka ba ya zama, rubuto mana wani abu mai sauƙi. Kakarka da kakata ciki ɗaya suka fito, ba za ka hana ni ba.

Yayarka,
Afiniki

Makarantar Horon Malamai, kusa da Kafanchan
10 ga Yuni, 1956

Zuwa ga Yaya Afiniki,

Na sami wasiƙarki bayan ta yi kwana goma sha tara a hanya, har da tabon manja a kusurwa. Ina lafiya, in ban da gajiya. Ki gaishe da Baba da kyau, da Meshak, da yara.

Faɗanki ya iso, kuma na karɓa. Amma bari in gaya miki yadda ranarmu take. Ƙararrawa, addu'a, shara, lissafi, dabarun koyarwa, Turanci, gonar makaranta, ƙararrawa. Ranar Laraba da Alhamis muna taka mil uku zuwa wata firamare don gwajin koyarwa, in tsaya gaban yara arba'in ina koya musu abin da ni ma jiya na koya. Idan na dawo, sai in ji kaina kamar tukunyar da aka kankare. Akwai wani kabad a bayan ajinmu mai littattafai kamar sittin, gara ta ci ƙarshen wasu. Awa ɗaya ake ba mu hutu da rana. Abokaina suna kwanciya, ni kuma in ɗauki guda in tafi bayan ɗakin girki. Waɗanda gara ta cinye wa ƙarshe su na fi so, domin ni nake ƙarasa su a littafin rubutuna. Daga nan abin ya kama ni. Na san taura biyu ba ta taunuwa, amma in na ajiye wannan ɗin ban san da me zan haɗiye ɗayar ba.

Ga abin da kika roƙa, shafi huɗu. Na yi shi kamar wasiƙa ne don matan su koyi yadda ake buɗe ta da rufe ta. Wani ɗalibi ne na ƙirƙiro, ya gaji da makaranta ya gudu, ya sami aikin zuba kwal a injin jirgi a Kafanchan, yana ɓoye wa mutanen gida, har ranar da ya kasa riƙewa ya rubuta musu gaskiya. Ban ba shi suna ba, "ɗanku" kawai ya sa a ƙasa. Daga filin wasanmu muna jin kukan jirgi, in iska ta juyo har da warin hayaƙinsa, shi ya sa.

Wannan takardar tawa na naɗe ta daban da sunanki a kai. Mai kai citta Kwoi zan ba.

Ƙanenki,
Dogara

Ƙauyenmu
22 ga Yuli, 1956

Dogara,

Muna lafiya, in har za a kira wannan lafiya. Ban san ko wannan za ta riga Baba isowa wurinka ba, ina jin ba za ta riga shi ba.

Lokacin da ambulan ɗinka ya iso ba na gida. Ina Kwoi mako uku wajen ƙanwar Meshak da haihuwa ta zo mata da gardama. Ka san al'adar gidan, takarda in ta shigo hannun maigida take zuwa, a karanta masa a gaban kowa. Baba ya ajiye ta kwana huɗu a cikin hularsa yana jirana. A na biyar ya kasa, ya aika aka kira Mairama, 'yar Fulanin nan na bakin rafi mai kawo mana nono, wadda ta fi kowa kai a ajina. Ta buɗe ta ga takardu kashi biyu. Ɗaya da sunana a kai, sai ta ce wannan ta Malama ce, ba za ta taɓa ba. Ladabi ta yi. Ta ɗauki mai shafi huɗun ta fara: "Zuwa ga Babana, ina roƙonka gafara, wata biyar ke nan rabona da aji."

An ce tun rana tsaka take haɗa baƙi ɗaya ɗaya har inuwa ta kai bakin rumbu, ba wanda ya tashi. Ta karanta inda hannun yaron ya ƙone, da inda yake kwana a bayan tasha, da inda ya ce yana jin kunyar a gan shi. Mata suka yi ta kuka. Mutanen nan takarda uku suka sani a duniya, Littafi Mai Tsarki, da ta haraji, da wasiƙa, kuma ba wadda ta taɓa yi musu wasa. Wa zai ce musu akwai ta huɗu?

Washegari, Talata, Baba ya ɗaure gari a tsumma ya ɗauki sanda. Meshak ya ce a jira ni, ya ce shi ya gama jira. Ana tsakiyar noma na biyu, ruwa kuma ba ya ɗaukewa.

Na dawo jiya na buɗe tawa takardar, sai na zauna a ƙasa. Laifina ne da na roƙa, laifinka ne da ka iya. Rubuto mini da gaggawa.

Afiniki

Makaranta
5 ga Agusta, 1956

Zuwa ga Yaya Afiniki,

Ina gaishe ki da kowa. Ina fatan Baba ya iso gida lafiya. Na sa shi a motar Kwoi, ya shiga ba don yana so ba.

Kwana biyu ya yi a hanya, ya kwana ɗaya a tasha. Ya bi ma'aikatan jirgi ɗaya bayan ɗaya da 'yar Hausarsa yana cewa, "Ina yaro na? Shi yana sa gawayi a jirgi, hannu nashi ya ƙone." Suka fito masa da duk masu zuba kwal, ya duba fuskokinsu. Wani mai gadi ne ya ce ya gwada makarantar tukuna. Muna cikin darasin labarin ƙasa na ɗaga kai na gan shi a taga, jiƙe sharkaf, laka har gwiwa. Da na fito bai amsa gaisuwata ba. Hannuwana ya kama ya juya su, gaba da baya. Sannan ya ce da harshenmu, "To wane ne a cikin takardar?" Na ce ba kowa, Baba, ni na ƙaga shi. Ya ce, "Ba kowa ne ya ƙone?"

Malam Gilbert, mataimakin shugaban makaranta, shi ya ba shi shayi da busasshen bargo, ya kuma ji komai. Bayan tafiyar Baba ya sa na kawo akwatina. Littattafan rubutuna bakwai ya ɗauka ya kulle a ofis, ya karɓe mini izinin taɓa kabad. Ya ce ba mugunta ba ce, amma ya ga inda makin lissafina ya tafi. Hukuncin shi ne, daga yau har a gama jarrabawa a ƙarshen Nuwamba, in aka kama ni da layi ɗaya na ƙagaggen labari, in ɗaure kayana. Wasiƙuna ma sai ya karanta kafin a liƙe. Don haka wannan ta bi ta hannunsa, ina gaishe shi.

Yanzu da rana nakan kwanta kamar kowa. Barci ba ya zuwa, amma ina kwanciya. Ki ba Mairama haƙuri, ta yi karatu mai kyau.

Ƙanenki,
Dogara

Ƙauyenmu
21 ga Oktoba, 1956

Zuwa ga ƙanena Dogara,

Gaisuwa da fatan alheri. Malam Gilbert, in kai ma kana karantawa, ina wuni, yaya ɗalibai.

Na ga 'yar takardarka ta watan jiya kana tambaya ko fushi nake. Ba fushi ba ne, hannu ne ya yi kaɗan. Tun da Baba ya dawo tari ya kama shi. Da fari yana fita gona da shi, yanzu wata guda ke nan bai wuce bakin ƙofa ba. An kai shi ɗakin magani an ba shi na sha, tarin ya lafa ya dawo. Ni ce da girki, ni ce da aji, ni ce da jinya.

Akwai abin da ya kamata ka sani, tunda kai aka kawo gidan daga baya. An ce maka ɗansa Sambo ya mutu a haƙar kuza lokacin babban yaƙi. Haka ake faɗa don a rufe zancen. Gaskiyar ita ce an ɗebe shi aikin dole, wa'adinsa ya cika, abokan tafiyarsa suka dawo ban da shi. Bayan shekara wani mai fatauci ya ce ya gan shi a tashar Kafanchan cikin leburori, ya rame, kuma da ya kira sunansa sai ya juya baya. Aka gaya wa Baba. Lokacin ana tonon citta, ya ce bari a gama sai ya je. Da ya je bayan mako biyar, ba wanda ya san inda yaron ya yi. Shekara goma sha biyu ke nan. Ka ga abin da ya sa bai jira ni ba.

Ya san yanzu abin da ka rubuta ƙagaggen labari ne, na bayyana masa, mai bishara ma ya bayyana. Duk da haka takardar na ƙarƙashin matashinsa. Kowace yamma in na kai masa kunu sai ya miƙo mini ita. Na karanta ta har na daina duba baƙaƙen. Idan na kai inda yaron ya ce bai san ko zai iya dawowa ba, sai ya ce, "Daga nan fa?" In ce nan ta ƙare.

Shekaranjiya ya ce in rubuto maka. Ga maganarsa yadda ya faɗa: "Tunda shi ya kai yaron can, ya dawo da shi gida." Shafi ɗaya ma ya isa. Na san sharaɗin da aka kafa maka, kuma na san abin da kake tsoron rasawa, ni ma na sa baki aka kai ka makarantar nan. Amma ni ce nake ganin ƙirjinsa yana hawa da sauka, don haka na faɗa.

Yayarka,
Afiniki

Makaranta
4 ga Nuwamba, 1956

Zuwa ga Yaya,

Na sami taki. Allah ya ba Baba sauƙi, ya ƙara miki ƙarfi.

Na kai wa Malam Gilbert wasiƙar da kaina na roƙe shi izinin shafi ɗaya. Ya karanta sau biyu. Ya ce ya tausaya, amma abin da ya fito da tsoho cikin ruwa ba shi ne zai warkar da shi ba, kuma in ya buɗe mini ƙofa yau ya san ba a shafi ɗaya zan tsaya ba. A nan bai yi ƙarya ba. Ya ce babbar kyautar da zan yi wa Baba ita ce takardar malanta.

Ba zan ɓoye miki ba, tunda shi ma zai karanta, akwai hanyar da takarda ke fita makarantar nan ba ta ofis ba. Na yi tunaninta kwana uku. Tsoro ya hana ni. Shekara huɗu nake jan wannan kaya, saura kwana goma sha biyar a fara jarrabawa, kuma na gaji, gajiyar da ban taɓa yin irinta ba. In aka kore ni yanzu, da wace fuska zan shiga gidan, kuma tafiyar da Baba ya yi ta zama ta me?

Ki ce masa yaron yana hanya. Ranar ashirin da uku muke gamawa. Mako uku kawai nake roƙo.

Dogara

Makaranta
24 ga Nuwamba, 1956

Zuwa ga Yaya Afiniki,

Gaisuwa ga kowa, musamman Baba. Jiya da azahar muka ajiye alƙalami. Ba a kore ni ba, na zauna kowace takarda har ƙarshe, lissafin ma bai kayar da ni yadda na zata ba. Malam Gilbert ya ce a ganinsa na haye. Ya mayar mini da littattafaina bakwai, ya ƙara mini da farar takarda daga aljihun teburinsa.

Ban je cin abinci ba. Na tafi bayan ɗakin girki na zauna, ga shi nan, shafi uku. Na dawo da yaron a jirgin safe, da sabuwar riga da gishiri a ƙunshe, hannun ya warke saura tabo. Ki karanta masa a hankali. Sai mun gama sharar makaranta da mayar da kaya za a sallame mu, ina zuwa kafin Kirsimeti.

Ƙanenki,
Dogara

Ƙauyenmu
9 ga Disamba, 1956

Zuwa ga ƙanena Dogara,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji mai ta'aziyya. Na yi murna da jarrabawarka, da gaske nake. Mu nan muna nan. An fara tonon citta, ta yi kyau bana.

Baba ya huta ranar Lahadi, sha takwas ga Nuwamba, da hantsi, ana cikin sujada. An binne shi a bayan gida kusa da matarsa. Meshak ya ce a aiko maka, ni na hana, domin washegari za ku fara. In laifi ne, nawa ne, kada ka nemi kowa da shi.

Na gaya masa saƙonka, cewa yaron yana hanya. Kullum sai ya tambaya ko mai citta ya dawo daga Kwoi. Ranar Juma'a na ga abincin ma ya daina wucewa, na san ba zai kai mako ukunka ba. Ranar Asabar da yamma na shiga ɗakina na yage shafi daga littafin da nake kiran sunayen 'yan ajina, na naɗe shi huɗu, na shiga wurinsa na ce takardar Dogara ta iso. Ya sa aka tayar da shi zaune, ya ce a kira mutanen gida kamar yadda aka saba. Suka cika ɗakin har waje. Mairama ma tana nan, ta kawo nono, ta tsaya a bayana inda take ganin shafin sarai. Ba ta tona ni ba, har yau.

Ni ban taɓa ƙaga komai ba, ka sani, ko tatsuniya aka ce in yi wa yara sai in aika su wajen wata. Na riƙe sunayen mata goma sha shida a gabana na fara. Na ce ya ajiye aikin, ba shi da kuɗin mota, sai ya taho da ƙafa. Na ce ya biyo ta hanyar rafi don kada a gan shi, ya tsaya a gindin ɗorawar nan ya kasa ƙarasowa. Na ce babansa yana dawowa daga gona ya hango shi, ya gane shi daga tsayuwarsa. Daga nan ban san abin da zan ce ba, sai na ce an ɗora ruwa ya yi wanka, aka ba shi tuwon acca ya ci ya ƙoshi. Baba ya ce, "An yi masa faɗa?" Na duba takardar na ce a'a, ba a rubuta an yi masa faɗa ba. Ya ce to. Ya kwanta. Bai ce daga nan fa ba.

Na yi ƙarya da takarda a hannu a gaban mai mutuwa, kuma na kai maganar gaban Ubangiji. Ban sani ba ko zan gaya wa mai bishara.

Shafi ukunka sun iso ranar Alhamis. Na karanta ni kaɗai. Naka ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba, wurin gishirin nan har na yi hawaye. Amma na ajiye shi a akwati, domin nawa aka ji, kuma a sunanka aka ji shi. Matan gida suna ta yaba maka, suna jiran ka zo su tambaye ka. Don haka ka riƙe da kyau kafin ka iso: ba a jirgi ya dawo ba, da ƙafa ya zo, ta hanyar rafi, kuma ba wanda ya yi masa faɗa.

Yayarka,
Afiniki